Kantin Ƙauye da Haƙƙin Hanya: Dalilin Tsayuwar Matafiyi a Ƙasar Rurum

Wanda ya bar birnin Kano ya miƙi titin Zariya, ya ratse a Karfi ya bi ta Bunkure har Rano, sannan ya kama hanyar da ke ɓullewa Tiga, to ƙasar Rurum zai ratsa. Ƙasa ce ta duwatsu da gonaki, mai garuruwa biyu da suka yi tarayya a suna, Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari, kowannensu mazaɓa ce mai zaman kanta a Ƙaramar Hukumar Rano. A irin waɗannan garuruwa, daga nan har Kibiya da ƙauyukanta, da wuya ka rasa wani wuri guda da kowa ya sani: tsohon kanti da benci a ƙofarsa, mai shayi a gefe, tukubar mai tsire a ɗaya gefen, masu fura da nono a gindin bishiya, ga masallaci da butoci ba nisa. Yawancin masu mota wucewa suke yi. Sun cika tanki a birni, sun sayi ruwan roba da biskit, ba su da buri sai su ga sun isa. A ganina wannan wucewar asara ce ga ɓangarori biyu. Matafiyi ya rasa hutu da abinci mai kyau da labarin hanya, gari kuma ya rasa abin da ya fi ƙaranci a cikinsa, wato kuɗin hannu. Kantin ƙauye ginshiƙi ne da rayuwar gari ta jingina a kansa, kuma cinikin baƙo mai biya nan take yana cikin abubuwan da ke hana ginshiƙin faɗuwa.

Tsayuwa a hanya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, a kanta ma aka gina fataucinmu. Tun kafin zuwan mota, fatake kan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar da kan ci watanni. Ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba, kuma babban aikinsu shi ne sanin inda za a yada zango: inda akwai ruwa, akwai abincin dabbobi, akwai masu dafa tuwo da dama fura, akwai sarkin da zai ba da kariya. Garin da ayari ke sauka a cikinsa yakan bunƙasa, matansa su yi ciniki, maƙeransa da dukawansa su sami aiki. Zangon Kataf da Zangon Daura, da unguwannin zango na Kumasi da Akra, duk ragowar wannan tsari ne. Abin da ya riƙe tsarin kuwa amana ce. Bature Clapperton, wanda ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya ba da labarin cewa idan mutum ya sayi riga ya tafi da ita har Barno, ya kwance ya tarar da aibi, yana iya mayar da ita a biya shi kuɗinsa, domin sunan dillali na rubuce a cikin ƙunshin. Ita kuwa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tarihin baka ya haɗa ta da Kano a sarautar baba, wato ƙasar rini ce da ke fitar da hajar da fatake ke ɗauka.

Yadda aka yi zango ya rikiɗe ya zama kanti labari ne na ƙarni na 20. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kudancin Kano ya sha fama da hare-haren Ningawa, shi ya sa garuruwan yankin suka lafe a gindin duwatsu da cikin ganuwa. A farkon 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta yi artabu a Bebeji, ta ci Kano a watan Fabrairu. Daga nan zaman cikin ganuwa ya daina zama dole. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya ɓarke. Kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja da John Holt, da UAC wanda aka kafa a 1929, suka buɗe kantuna da wuraren awo, wakilansu suka bazu ƙauyuka da sikeli a hannu ɗaya, atamfa da gishiri da kananzir da ashana da sabulu a ɗayan. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji maƙwabciyar Rano a 1877, da fataucin goro ya fara kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa har rasuwarsa a 1955, kuma rayuwarsa kaɗai ta isa ta nuna yadda ɗan zango ya koma mai kanti. Tun daga lokacin kantin ƙauye ya sami siffar da muka san shi da ita: wurin da manomi ke karɓar kayan birni a madadin amfanin gonarsa, sau da yawa tun amfanin bai nuna ba. Tun daga lokacin ne kuma kasuwa ta koyi bin hanyar mota, har ya zama a wurare da dama idan ka ji an ce tsohon gari da sabon gari, to sabon shi ne na bakin titi.

Zamanin gyaɗa bai ɗore ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun rushe dalar gyaɗa, wuraren awo suka watse. A daidai wannan lokaci gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, tafkin da aka tsara ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan ya cinye gonaki ya tashi ƙauyuka, amma ya haifar da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya kuma mai da kamun kifi sana'ar yau da kullum a gefen tafkin. Masu bin hanyar suka sauya: maimakon motocin gyaɗa, sai motocin tumatir da shinkafa da albasa, 'yan kifi, ma'aikata, ɗalibai da masu yawon buɗe ido. Gwamnatin wancan zamani ta yi wa baƙi manyan masaukai, ciki har da otal ɗin Bagauda, wanda yanzu ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Wannan abin lura ne. Babban masauki da aka kashe wa dukiya ya sauya aiki, amma ƙaramin kanti da teburin shayi, waɗanda ba su taɓa shiga kasafin kuɗin gwamnati ba, suna nan suna buɗewa kowace safiya. Abin da ya haye rushewar gyaɗa da ambaliyar tafki da faɗuwar darajar naira, lalle akwai wata bukata ta gaskiya da yake biya.

Kafin a gane bukatar sai an dubi yadda kantin ke aiki. Mai kanti yakan sari kaya a birni, a Singa ko Sabon Gari ko Dawanau, ko a kasuwar mako ta kusa, ya zo ya rarraba su daidai aljihun talaka. Buhun sukari ya koma ƙulli-ƙulli, jarkar man gyaɗa ta koma kwalba da murfi, kwalin omo da dunƙulen magi su koma ɗaiɗai. Wanda ba zai iya sayen kwano ba ya sayi gwangwani. A nan ake samun batir da tocila, allura da zare, maganin sauro, takalmin roba, littafin rubutun 'yan makaranta, a wasu wuraren har da cajin waya da na'urar cire kuɗi ta POS. Amma mafi muhimmancin kaya a shagon ba a kan kanta yake ba, yana cikin aljihun tebur: littafin bashi. Manomi ba ya karɓar albashi. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka, ko bayan girbin rani idan yana da fadama. Tsakanin shuka da girbi, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gidaje da yawa da sunan mai gida suke cin abinci. A aiko yaro ya karɓi gishiri da sabulu, a ce a rubuta. Babu banki da zai ba magidanci rancen naira 2,000 ba takarda ba jingina, amma mai kanti yana yi kullum, domin ya san uban mutum da kakansa da gonarsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, a ƙauye kuwa a wannan littafi ake ganin gaskiyar maganar.

A nan matafiyi ke shigowa cikin lissafi. Babban dila na birni ba ya jiran kaka, ko ya ba da kaya bashi, na 'yan kwanaki ne. Saboda haka jarin mai kanti kullum rabe yake gida biyu: kaso ɗaya ya kwanta a littafi sai bayan watanni, ɗaya kason shi ke juyawa ya sake cika kanta. Idan kason da ke juyawa ya ƙanƙance, dole ya rufe littafin, ko ya rufe shagon. Kantin kamar rijiya yake, ana ɗiba kullum, idan idon ruwa ya toshe ƙafewa za ta yi. Baƙo shi ne mai sayen da ba ya cewa a rubuta. Ya sha shayi, ya ci tsire, ya sayi ruwa da sabulu, ya biya ya tafi. Kuɗin kuma ba ya tsayawa a hannu ɗaya: mai tsire ya biya mahauci, mahauci ya biya makiyayi, mai fura ta sayi gero a wurin manomi, mai shayi ya sayi sukari da madara a kantin, manomi ya zo ya rage bashinsa. Shekarar 2023 ta nuna ƙimar wannan sarƙa. A farkonta sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, inda babu banki kuma intanet ba ta da ƙarfi mutane da dama ba su da mafita sai amanar mai kanti. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Kuɗin ɗauko kaya ya ninka, masu tafiya suka ragu, masu neman bashi suka ƙaru. A irin wannan hali kowace mota da ta tsaya tana da tasiri.

Kada a ɗauka sadaka ake roƙon matafiyi ya yi, domin abin da zai samu ya fi abin da zai bayar. Abincin hanya a kudancin Kano yana tafiya da lokaci da ƙasa. Kusa da tafki akwai soyayyen kifi da banda, karfasa da tarwaɗa waɗanda ba su kwana a ƙanƙara ba. Da damina akwai dafaffen ƙwan zabi da gasasshiyar masara da kwaɗon zogale da rama. Da kaka akwai dafaffiyar gyaɗa da ɗanyen ƙuli-ƙuli mai ƙamshin sabon mai, da sanyin hunturu kuma rake da dankalin Hausa. Da safe ƙosai da kunu da waina, da hantsi ɗanwake da mai da yaji, da azahar fura da kindirmo, da la'asar tukuba ta kama, tsire da balangu su haɗu da gurasa da albasa. Galibin waɗannan a gidajen garin aka sarrafa su, da hatsi da nono da naman yankin, kuma ana yin su ne daidai cinikin yini, ba don a ajiye ba. Matan aure da ba sa fita kasuwa ta nan suke samun kuɗin adashi da kayan ɗakin 'ya'yansu. Wanda ya kwatanta wannan da biskit da lemon kwalba da ya yi wata shida a sito, ya san wanne ya fi amfani ga jiki.

Bayan abinci akwai lafiyar tafiyar kanta. Gajiya da gyangyaɗi suna cikin abubuwan da ke jawo haɗari, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kullum take jan kunnen direbobi su riƙa hutawa bayan 'yan sa'o'i suna tuƙi. Minti 20 na alwala da salla da kofin shayi suna dawo da hankalin direba fiye da goro ko ƙwaya, kuma a lokacin ne ake lura da tayar da ta sace ko injin da ya yi zafi. Sannan ga labari. Benci a ƙofar kanti shi ne wurin da labarin hanya ke taruwa, domin 'yan acaɓa da direbobin kasuwa da masu dawowa daga gona duk nan suke zama. Su suka san gadar da ruwa ya ci jiya, ramin da ke bayan kwana, inda ake sayar da mai na gaskiya, da lokacin da bai kamata a shiga dajin Falgore ba ga wanda ya nufi Jos ta Tudun Wada. Taswirar waya tana nuna hanya, amma ba ta san abin da ya faru a kanta da asuba ba. Addini ma ya ba matafiyi matsayi na musamman: an sauƙaƙa masa salla da azumi, an kuma sa shi cikin waɗanda zakka ke halatta gare su idan guzuri ya yanke. Al'ummar da ta tashi a kan karantarwar nan ba ta rasa ba baƙo ruwa da tabarma.

Abin da ke faruwa idan motoci suka daina tsayawa ba hasashe ba ne, wasu ƙasashe sun gani da idonsu. A Amurka akwai shahararriyar hanya mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa Kalifoniya, ɗaruruwan ƙananan garuruwa suka rayu da kantuna da gidajen abinci na gefenta. A 1956 aka yi dokar gina manyan tagwayen hanyoyi masu kewaye garuruwa, a 1985 aka soke tsohuwar hanyar daga jerin hanyoyin tarayya. Garin Seligman na jihar Arizona, wanda sabuwar hanya ta kauce masa a 1978, ya kusa zama kufai, sai da wani wanzamin garin, Angel Delgadillo, ya jagoranci kafa ƙungiya a 1987 don farfaɗo da tsohuwar hanyar. Yau baƙi na zuwa, amma yawancin shagunan garin tsaraba suke sayarwa. Japan ta bi wata hanyar. A 1993 ta fara rajistar tashoshin gefen hanya da ake kira Michi-no-Eki, inda ake tanadar wurin ajiye mota da banɗaki kyauta dare da rana, manoman yankin kuma su kawo amfaninsu su sayar. Yanzu sun haura 1,000. Darasin ya shafe mu kai tsaye. An sake gina titin Kano zuwa Zariya an buɗe shi a 2023, kuma alheri ne babba. Amma duk hanyar da ta ƙara sauri tana rage tsayuwa, garuruwan da ba su kan babban titi kuwa, irin su tsofaffin garuruwan Rano da Kibiya, su ne na farko da ake mantawa da su.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tsafta. Za a ce ƙuda na bin nama, ba a san ruwan da aka dama fura da shi ba, kayan gwangwani kuma wataƙila lokacinsu ya wuce. Gaskiya ne ana samun haka, kuma kwalara da taifot ba su san ladabin baƙunta ba. Sai dai matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A 2021, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami da ake haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano, a unguwannin birni abin ya fi tsanani. Mai kantin ƙauye yana da wani linzami da baƙon ɗan kasuwa ba shi da shi: abin da ya sayar wa matafiyi shi 'ya'yansa da surukansa ke ci, kuma idan aka kama shi da algus ba shi da inda zai gudu. Matafiyi mai hankali yana da nasa matakan: ya ci abin da aka sauke daga wuta a gabansa, ya zaɓi wurin da mutanen gari ke layi, ya duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya, ya yi hattara da ruwan da bai san asalinsa ba. Sauran aikin na hukuma ne, a dawo da duba-gari aikinsu na zagayen mahauta da masu abinci, a sa rijiyar burtsatse da banɗaki a inda motoci ke tsayawa. Maganin ƙazanta gyara ne, ƙauracewa sai dai ta ƙara talauta masu abincin su kasa sayen ko da murfin rufe tire.

Hujja ta biyu ita ce tsaro da lokaci. A shekarun nan da satar mutane ta addabi hanyoyin Arewa, shawarar da kowa ke ba ɗan'uwansa ita ce kada ya tsaya ko'ina. Tsoron yana da tushe, kuma ba mai hankalin da zai ce a tsaya a dokar daji ko a yi tafiyar dare don neman tsire. Amma a bambance tsayuwa a daji da tsayuwa a tsakiyar gari da rana tsaka. Ɓarayi sun fi son wurin da babu ido, ƙofar kanti kuwa ita ce inda ido ya fi yawa, kuma a nan ne ake jin gargaɗin da zai hana mutum faɗawa tarko a gaba. Akwai kuma lissafi mai nisa: garin da matasansa ke da tebur da tukuba da babur na haya yana da abin da zai kare, wanda sana'a ta mutu a cikinsa kuwa shi ne ke zama wurin farautar masu neman 'yan leƙen asiri. Batun lokaci kuma, kowa ya san sauri ya haifi nawa. Daga Kano zuwa Rano ko Tiga ba tafiyar yini ba ce, kuma rabin sa'a ba ta hana kowa isa ɗaurin aure ko ta'aziyya idan ya fito da wuri.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, domin ta taɓa adalcin kantin kansa. Za a ce mai kanti ba waliyyi ba ne, yana tsawwala farashi, wani ma yakan ba da bashi da damina ya karɓi hatsi da kaka a farashin wulaƙanci, kuma cinikin gefen hanya shi ke riƙe yara mata a talla maimakon aji. Babu amfanin musun waɗannan. Amma a duba sababinsu. Tsadar kayan ƙauye galibi kuɗin mota ne da jiran bashi, kuma wanda ya haɗa da kuɗin zuwa birni ya dawo zai ga bambancin ya narke. Zaluncin mai ba da bashi kuwa yana ƙaruwa ne idan shi kaɗai ya rage a gari, kuma jarinsa ya ƙuntata. Inda ciniki ke gudana, kantuna biyu ko uku ke rayuwa, manomi yana da zaɓi, mai kanti kuma ba ya bukatar matse maƙwabcinsa kafin ya ci riba. Talla kuma 'yar talauci ce da rashin tsari. Idan akwai tsayayyar rumfa inda babba zai zauna da kayan matan unguwa, ba sai yarinya ta bi mota da gudu da tire a ka ba. Matafiyi na iya taimakawa ta hanyar sauka ya sayi kaya a rumfa, maimakon miƙo hannu ta taga mota na tafiya, ɗabi'ar da ta sha jawo a buge yara.

Wasu kuma za su ce zamani ya riga ya kawo madadi: gidan mai na zamani da masallaci da banɗaki da ɗan shago a ciki. Ba a raina wannan ci gaba ba, hasali ma sunan Rano ya zaga Najeriya ne a allon gidajen man A.A. Rano, abin alfahari ga yankin. Gidan mai yana biyan bukatar mota da ta mai ita, kuma kantin ƙauye na da abin koyi a tsaftarsa da haskensa. Amma ayyukansu ba ɗaya ba ne. Kayan shagon gidan mai daga masana'anta suke zuwa, ribar kuma hedikwata take komawa, sannan ba a buɗe wa manomi littafi a can. Ana iya shan mai a gidan mai a ci abinci a gari, ba wanda ya tauye wani.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya ba. A ware fili a gefen hanya inda mota za ta fake ba tare da tare titi ba, a sa ruwa da banɗaki da fitila mai aiki da hasken rana, a kafa allo a mararraba mai nuna cewa akwai gari a ciki da abin da ake samu a can. Masarautar Rano, wadda aka ɗaga a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido da ita a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya sa ido a kan mudu da sikeli da tsaftar mahauta, kamar yadda sarkin kasuwa da sarkin pawa suka saba tun da. Akwai kuma aikin da ke jiran ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da sauran makarantu. Tsofaffin kantunanmu ba sa rubuta shekarar kafuwa a allo, tarihinsu a bakin dattawa yake: wa ya fara, da wane jari, wace mota ce ta fara kawo kaya, nawa ake sayar da kwalbar kananzir. Idan ba a naɗa yanzu ba, zai tafi tare da masu shi. Su kuma masu kanti da masu abinci, nasu shi ne su rufe abinci, su faɗi farashi ɗaya ga baƙo da ɗan gari, su janye kayan da suka lalace ko da asara ce, domin baƙon da aka cuta sau ɗaya ba shi kaɗai zai daina tsayawa ba, har da duk wanda ya ba labari.

Sauran magana tana wurin mai riƙe da sitiyari da fasinjojinsa. Idan tafiya ta kai ku ƙasar Rurum ko Kibiya ko wani gari irinsu, ku fito da wuri, ku rage guzurin da kuke saya a birni, ku riƙe 'yan canji a aljihu. Ku faka a inda jama'a suke, ku yi sallama, ku yi salla, ku ci abin da ƙasar ta noma, ku tambayi lafiyar hanya, ku yi wa iyali tsarabar ƙuli-ƙuli ko kifi, kada kuma ku matsa wa mai fura a kan ragin naira 50 da ba za ku nema a babban kanti ba. Kuɗin da kuka bari a can ciniki ne na halal da kuka ci moriyarsa, kuma shi ne zai ba mai kanti ƙarfin ci gaba da ba maƙwabtansa bashi har Allah Ya kawo kaka.